Agajin Iska Da Ambaliya Bai Cika Isa Ƙauye Ba

Duk wanda ya san ƙasar Kudancin Kaduna ya san cewa damina ba ta shigo wa mutanen wannan yanki a ɓoye. Tun daga watan Afrilu hadari yake fara haɗuwa a bisa duwatsun Kagoro da gefen tsaunin Jos, ya gangaro da iska mai ƙarfi ta kan Gidan Waya da Godogodo da Kafanchan, kuma ruwa ba ya ɗaukewa sosai sai wajen ƙarshen Oktoba. Abin da ake samu a shekara yakan kai milimita 1,500 ko ya haura, watau ninki biyu na abin da Katsina ko Sakkwato suke samu. Wannan ni'ima ita ta sa ƙasar ta yi suna wajen noman citta da doya da masara da acca da shinkafa. Amma kuma tana tafe da masifa iri biyu. A farkon damina iska ce take yaye kwanon gidaje da na makarantu, ta kayar da itatuwa da turakun lantarki. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa rafuffuka ne suke cika su tumbatsa, su shiga gidaje, su share gonakin fadama, su yanke hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka da kasuwa.

A daminar 1988 mutanen Kano suka ga irin wannan masifa lokacin da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle. A watan Yuli na 2018 ta auka wa Jibiya a Jihar Katsina cikin dare, ta kashe mutum fiye da 40, har aka tsinci wasu gawawwakin a cikin Jamhuriyar Nijar. A daminar 2024 kuwa Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Jema'a suna cikin wuraren da ruwa ya yi wa ɓarna, inda rahotannin da aka bayar a lokacin suka ce mutum fiye da 1,000 sun rasa matsuguni.

Abin da ke biyo bayan irin wannan masifa kowa ya san shi. Manyan mutane su zo jaje, a zagaya da su a nuna musu ɓarna, a ɗauki hoto, bayan 'yan kwanaki ko 'yan makonni a sauke buhunan shinkafa da masara da barguna da tabarmi a sakatariyar ƙaramar hukuma. Wannan abin godiya ne, domin mai jin yunwa ba ya raina loma. To amma idan motar agaji ta juya ta kama hanyar Kaduna, me ya rage wa manomin da ɗakinsa ba shi da rufi, rumbunsa ya jiƙe, kuma gadar da yake bi ya kai kaya kasuwa ta tafi da ruwa? Wannan tambaya ba ta Kudancin Kaduna kaɗai ba ce. Ita ce ake yi a duk inda iska ko ruwa suka yi ɓarna a karkara, har a ƙasashen da suka fi Nijeriya wadata.

Daga tsaunin Jos zuwa tekun Atlantika

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa akwai dangantaka tsakanin hadarin da yake tasowa daga gabas a ƙasar Hausa da mahaukaciyar guguwar nan da ake jin labarinta a rediyo tana rushe garuruwan bakin teku a Amurka. Masana yanayi sun daɗe da gano cewa daga watan Yuni zuwa Oktoba, kowane kwana uku zuwa biyar, wani kaɗawar iska yakan taso daga wajen duwatsun Habasha da Darfur, ya keto Chadi da Arewacin Nijeriya da Nijar da Mali yana tara hadari, har ya faɗa tekun Atlantika ta gaɓar Senegal da Gini. Tsaunin Jos yana daga cikin wuraren da irin wannan hadari yake ƙara haɗuwa. Idan ya sami ruwan teku da ɗumi sai ya fara juyawa yana ƙara ƙarfi, kuma da zarar gudun iskarsa ya kai kilomita 119 a sa'a guda, ya zama mahaukaciyar guguwa. An ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin 100 na manyan guguwar tekun Atlantika daga nan Afirka suke samo asali. Nijeriya ba ta ganin irinsu domin yamma suke nufa, sun ba ta baya.

Ɗaya daga cikinsu ita ce guguwar da aka sa wa suna Maria, wadda ta faɗa wa tsibirin Puerto Rico, wani yanki da ke ƙarƙashin mulkin Amurka, ran 20 ga Satumba 2017. Da farko hukuma ta ce mutum 64 suka mutu. Bayan kusan shekara guda, da Jami'ar George Washington ta bi diddigin mace-macen da aka yi cikin watanni shida na bayan guguwar, sai aka mai da adadin 2,975. Yawancin waɗannan ba iskar ce ta kashe su a ranar ba. Sun mutu ne daga baya saboda rashin lantarki da ruwan sha da magani da hanyar zuwa asibiti. Sai da aka yi kusan wata goma sha ɗaya kafin a gama mai da wuta a tsibirin, kuma ƙauyukan kan duwatsu su ne na ƙarshe da aka kai wa.

A nan Afirka ma an ga haka. A tsakiyar watan Maris na 2019 guguwar Idai ta taso daga tekun Indiya ta auka wa birnin Beira na ƙasar Mozambik, ta kashe mutum fiye da 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi, ta kuma lalata gonaki fiye da hekta 700,000 a Mozambik ana gab da girbi. Jiragen agaji a filin jirgin Beira suka riƙa sauka, alhali mutanen gundumar Buzi suna maƙale a kan itatuwa da rufin gidaje kwana da kwanaki. Cutar kwalara ta biyo baya. Da aka yi taron neman gudummawa a Beira bayan wata biyu da rabi, gwamnatin ƙasar ta ce tana bukatar dala biliyan 3.2 domin sake gini, amma alkawarin da aka yi mata bai wuce dala biliyan 1.2 ba.

Darasin da ke cikin waɗannan labarai biyu shi ne agaji yana bin hanyar mota da filin jirgi da idon 'yan jarida, yana da yawa a makonnin farko, sa'an nan ya yi ta raguwa daidai lokacin da bukatar mutanen karkara take ƙara tsananta.

Yadda aka tsara agaji a Nijeriya

Bayan babban farin da aka yi a farkon shekarun 1970, Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar agaji ta farko a 1976, wadda aikinta bai wuce karɓar kayan taimako da rarraba su ba. A 1981 aka buɗe asusu na musamman domin magance zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada. A 1999 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da shiri tun kafin masifa ta auku. Tsarin hawa uku ne. Akwai NEMA a sama, akwai hukumar agaji ta kowace jiha, sa'an nan ana son kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 ta sami nata kwamitin. Hawa na ukun nan shi ne ya fi kusa da talaka, kuma shi ne ya fi rauni. Shekara da shekaru NEMA da kanta tana kira ga jihohi su kafa waɗannan kwamitoci su kuma ba su kuɗin aiki.

Babban gwajin da tsarin ya fuskanta shi ne ambaliyar 2012, lokacin da ruwan sama ya yi yawa aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. NEMA ta ce mutum 363 suka mutu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu. Shugaban Ƙasa na lokacin, Goodluck Jonathan, ya ba da Naira biliyan 17.6, aka kasa jihohi gida huɗu gwargwadon ɓarnar da aka yi musu. Jihar Kaduna tana cikin rukuni na biyu, waɗanda aka ba Naira miliyan 400 kowacce. An kuma kafa kwamitin tara gudummawa a ƙarƙashin Alhaji Aliko Ɗangote da lauya Olisa Agbakoba. Amma da aka yi lissafin ɓarna da asara tare da taimakon Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya, sai aka tarar sun kai Naira tiriliyan 2.6. Ke nan kuɗin da gwamnati ta ware bai kai kashi ɗaya cikin 100 na abin da aka rasa ba. Sauran kashi 99 ɗin, mafi yawansa jama'a ne suka ɗauka a kansu.

Bayan shekara goma ruwa ya sake dawowa. A 2022 mutum fiye da 600 suka mutu, kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu suka rasa matsuguni, gonaki fiye da hekta 300,000 suka lalace ƙurmus. A nan ne ya kamata a tuna cewa ruwan da ya sauka a Kudancin Kaduna ba a nan yake tsayawa ba. Wani ya bi Kogin Kaduna ya faɗa Kogin Kwara, wani ya bi Kogin Mada ya faɗa Binuwai, duka su haɗu a Lakwaja su gangara zuwa bakin teku. Ƙauyukan masunta na Jihar Bayelsa su ne a ƙarshen wannan hanya. A watan Oktoba na wannan shekara ruwa ya yanke babbar hanyar da ta haɗa Bayelsa da Jihar Ribas da Jihar Delta, abinci da man fetur suka yi wuyar shiga, ƙauyuka da dama ba a iya kai musu komai sai da jirgin ruwa. Har gardama ta tashi tsakanin gwamnatin jihar da Ministar Jin Ƙai ta lokacin, Hajiya Sadiya Umar Farouq, wadda ta ce bisa ƙididdigar da ke hannunta Jigawa ce ta fi shan wahala, Bayelsa kuwa ba ta cikin goman farko. Ko wane ne yake da gaskiya, gardamar ta nuna cewa ƙidaya ita ce ƙofar agaji, kuma wanda ba a ƙirga ba, ba za a tuna da shi wajen rabo ba.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ba kowace jiha Naira biliyan uku saboda ambaliya. Ran 10 ga Satumba na shekarar madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, attajirai da gwamnoni da kamfanoni suka yi ta kai gudummawa. Ran 29 ga Mayu 2025 aka wayi gari da masifar Mokwa a Jihar Neja, inda aka tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira biliyan biyu da tirela ashirin ta abinci. Mutanen Maiduguri da na Mokwa sun cancanci duk abin da aka ba su da ƙari. Sai dai irin wannan hankoro ba ya tashi idan gida talatin ne iska ta yaye a wani ƙauye na Sanga ko Kaura ko Zangon Kataf. Ɓarnar karkara a warwatse take, gida goma nan, gona ashirin can, ba ta cika shafin farko na jarida. In an tara ta a ƙarshen damina tana da yawa ƙwarai, amma ba wanda ya gan ta a wuri guda.

Abin da mota take kawowa da abin da ake bukata

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bukata ta farko ga wanda iska ta yaye wa gida ita ce rufi. Yawancin gidajen ƙauye na tubalin ƙasa ne da aka rufa da kwano, kuma bangon ƙasa ba ya jure ruwa idan ba rufi a kansa. Iskar Afrilu ko Mayu ta ɗauke kwano, in ba a mayar ba cikin 'yan makonni, ruwan Yuli da Agusta zai narkar da bangon, asarar bandir biyu na kwano ta zama asarar gida ɗungurungum. Akan haɗa da kwano da ƙusa da siminti a cikin kayan agaji, amma sau da yawa sai an bi matakan rubuta rahoto daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, a aiko masu dubawa, a nemi amincewa, a ba da kwangilar sayen kaya. Kafin a gama wannan damina ta yi nisa. Ga kuma katako da kuɗin kafinta, waɗanda ba safai ake sa su a lissafi ba.

Bukata ta biyu ita ce iri. Buhun shinkafa yana ciyar da gida na 'yan makonni, amma gonar da ruwa ya share abincin shekara ce da kuɗin makarantar yara da irin shukar baɗi. Manomin citta ya fi kowa sanin wannan, domin citta ba da ƙwaya ake shuka ta ba, da saiwarta ake yi, kuma irin shi ne ya fi komai tsada a aikin. Kudancin Kaduna ne yake noma mafi yawan cittar Nijeriya, musamman Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a. A 2023 wata cuta ta ruɓar da citta a waɗannan wurare, Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta ƙiyasta asarar a kan Naira biliyan 12, daga baya aka ware Naira biliyan 1.6 domin tallafa wa manoman. Saboda haka ambaliyar 2024 ta tarar da mutane da yawa ba su gama farfaɗowa ba. Wanda masifa biyu suka same shi a jere yakan sayar da akuya ko alade ko babur, wani lokaci har ya jinginar da gona, kuma daga nan ne talaucin da ba ya warkewa yake farawa.

Tun 1987 aka ƙaddamar da shirin inshorar aikin gona na ƙasa, wanda hukumar NAIC take gudanarwa, kuma an tsara gwamnati ta biya wa manomi rabin kuɗin inshorar amfanin gona. Amma galibin masu cin moriyarsa waɗanda suka karɓi rancen banki ne, domin su dole ne a kansu. Ƙaramin manomi mai kadada ɗaya ko biyu, wanda jarinsa daga adashi ko daga dillalin citta ya fito, ba ya cikin wannan inuwa.

Bukata ta uku ita ce hanya. Kafanchan ta zama gari ne saboda mahaɗar jirgin ƙasa da aka yi a wurin a 1927, kuma har yau ita ce babbar cibiyar ciniki da asibiti ta yankin. To amma ƙauyuka da yawa ƙaramar gada ɗaya ko kwalbati ɗaya ne ya haɗa su da titi. In ruwa ya tafi da shi, mace mai naƙuda sai a ɗauke ta a ka a haye rafi, yara su daina zuwa makaranta, doya da masara su yi kwantai a gona, dillali ya sayi abin da ya samu a farashin da ya ga dama. Gyaran gada ba ya cikin kayan agaji. Aikin ma'aikatar ayyuka ne, sai an sa shi cikin kasafin kuɗi, shi ya sa yakan ɗauki shekaru.

Bukata ta huɗu ita ce ruwan sha da lafiya. Idan ambaliya ta shiga gari takan haɗa masai da rijiya, amai da gudawa su biyo baya, sauro ya yawaita a kududdufai. Kamar yadda aka gani a Puerto Rico da Beira, mutuwar da take zuwa bayan ruwa ya janye ba ta da ƙara, kuma ba a rubuta ta cikin lissafin ambaliya. Wanke rijiya da zuba mata magani abu ne mai arha, amma sai an sami wanda aka ɗora wa alhakinsa.

Har ila yau akwai makarantu. Ajin firamare mai dogon rufi, a fili fetal ba itace, shi ne abin da iska take fara ɗauka. Wanda ya tsira kuma shi ake mayarwa masaukin waɗanda suka rasa gidaje. Ta kowace fuska karatun yara ne yake tsayawa.

Wa aka ƙirga, wa aka bari?

Mutumin karkara ba ya son zaman sansani. In gidansa ya rushe, gidan ɗan'uwansa ko surukinsa yake komawa, domin ya kasance kusa da gonarsa da dabbobinsa. Wannan zumunci shi ne agaji na farko kuma mafi girma, amma yana ɓoye girman ɓarnar, tun da mai ƙidaya sansani yake fara nufa. Gidan da ya karɓi baƙi goma shi ma abincinsa zai ƙare kafin kaka, ba kuwa za a rubuta sunansa ba.

Akwai wasu kuma da takardar sunaye takan tsallake. Akan rubuta sunan mai gida, a manta da ɗan haya. Akan rubuta magidanci, a manta da gwauruwa da ke riƙe da marayu, ko matar da jarin sana'arta ya tafi da ruwa. Rugar Fulani da ke can bayan rafi ba a kan hanya take ba. Haka kuma mutanen da hare-hare suka riga suka tasa daga garuruwansu, kamar yadda ya faru a wajen Godogodo a 2016, waɗanda suke zaune a wuraren aro, sau da yawa a ƙasa mai kwari da ba wanda yake so.

A yanki irin wannan, inda Bajju da Atyap da Kagoro da Jaba da Kaninkon da Fantswam da Ninzo da Hausawa da Fulani suke zaune tare, kuma aka sha fama da rikici, rabon agaji ba ƙaramin al'amari ba ne. Buhu goma da aka raba a ɓoye yana iya ta da zargin da buhu ɗari ba zai kwantar ba. Maganin wannan shi ne a yi komai a fili. A rubuta sunaye gida gida tare da mai unguwa da limami da fasto da wakiliyar mata, a karanta su a bainar jama'a, a manna takardar a ƙofar dagaci, a faɗi yawan kayan da aka kawo kafin a fara rabo. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba da ya shiga gida, bai kamata mai rabo ya tambaya ba.

Abin koyi daga Bangaladash

Akwai ƙasar da ta nuna cewa talauci ba ya hana shiri. A watan Nuwamba na 1970 guguwa ta auka wa gaɓar tekun ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash, ta kashe mutum aƙalla 300,000, galibinsu manoma da masunta. Bayan wannan ne gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa shirin 'yan sa kai a ƙauyukan bakin teku, waɗanda yawansu ya haura 70,000, maza da mata. Aikinsu shi ne su karɓi gargaɗi ta rediyo, su zaga da lasifika a kan keke ko a ƙafa, su kai tsofaffi da yara mafaka. Mafakar kuwa gine-gine ne masu tsawo da ƙarfi, waɗanda a sauran ranaku makarantu ne. A 1991 guguwa ta kashe kimanin mutum 138,000. A 2007 wata mai ƙarfi irinta ta kashe ƙasa da 5,000. A 2020, da guguwar Amphan ta zo, an kwashe mutum fiye da miliyan biyu tun kafin ta iso, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba.

Nijeriya ma tana da masu gargaɗi. Hukumar kula da yanayi, watau NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana bayyana jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Abin da ya rage shi ne zangon ƙarshe, daga ofis zuwa kunnen mutumin da yake kwance a bakin rafi. Sanarwar da ta ce Ƙaramar Hukumar Jema'a tana cikin haɗari ba ta gaya wa kowa wane rafi ne zai cika ba, ko ina za a gudu in ya cika da tsakar dare.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk ƙaramar hukumar da kuɗinta ya shiga hannunta, babu hujjar da za ta hana ta ware wani abu kaɗan kowane wata domin gaggawa, ta sayi kwano da ƙusa da maganin rijiya ta ajiye tun watan Maris. Bandir ɗin kwano da aka bayar cikin mako guda ya fi guda biyar da aka kawo bayan bango ya faɗi.

Sa'an nan a haɗa agaji da kalandar manomi. Wanda ambaliyar Satumba ta cinye wa gona, a ba shi irin rani da taki da injin ban ruwa kafin Nuwamba, a kuma tanadar masa irin damina kafin Afrilu. Inda kasuwa take ci, ba da kuɗi a hannu ya fi jigilar buhuna daga nesa, domin mai gida ya fi kowa sanin ko katako ya fi bukata ko magani.

Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya tana horar da malaman da suke komawa kusan kowane ƙauye na yankin. In aka koya musu auna ruwan sama da sa alama a bakin rafi da ba da taimakon farko, an sami 'yan sa kai irin na Bangaladash ba tare da an kafa sabuwar hukuma ba. Wayar hannu ta shiga ko'ina, ga gidan rediyo a Kafanchan, ga lasifikar masallaci da ƙararrawar coci. Mutanen da ke saman rafi suna iya sanar da na ƙasa tun ruwa bai iso ba.

Su ma jama'a akwai nasu. A daina gini a kan hanyar ruwa, a daina cika magudanai da shara, a ɗaure katakon rufi da bango da ƙarfe ko waya mai kauri maimakon a dogara da ƙusa kaɗai, a dasa itatuwa ta gabashin gidaje da makarantu nesa kaɗan da bango, tun da ta nan iska take zuwa. Sare itatuwan kan duwatsu domin gawayi da katako yana ƙara wa ruwa gudu, kuma na gindin dutse ne yake biyan bashin. Al'adar gayya da aka gada tana nan, kuma har yanzu ita ce take mai da rufin gwauruwa kafin wata hukuma ta ji labari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iska za ta sake kaɗawa a Afrilu mai zuwa, rafuffuka kuma za su sake cika a Agusta, wannan ba ya hannun kowa. Abin da ke hannun hukuma da jama'a shi ne ko manomin bayan Gidan Waya zai kwana ƙarƙashin rufi kafin ruwa na gaba ya sauko, ya kuma sami abin da zai shuka in damina ta zagayo. Allah ya kiyaye, ya kuma ba shugabanni ikon tunawa da na nesa da titi.